Ranar da Inna Ta Faɗi Sunan Ɗan Farinta

Jikana ya kawo mini wani littafi daga Katsina, ya ce tsohon tarihin yaƙin Bama ne aka sake bugawa. Da Turanci aka rubuta shi, ni kuwa karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, bai kai can ba. Hotunan kawai na duba. Ga sojoji baƙar fata da gajeren wando, wasu ɗauke da kaya a ka cikin daji, wasu a tsaye bakin wani kogi. Na bi fuskokin da yatsa har idona ya gaji, ban ga wanda nake nema ba. Wajen ƙarshe akwai hoton maƙabarta, fararen duwatsu a jere, kowanne da rubutu. Yaron ya ce sunayen waɗanda suka mutu ne aka sassaƙa. Na rufe littafin na miƙa masa. Idan ɗan gidanmu yana da dutse a can, na san sunan da ke kai, kuma na san ba sunan wanda ke kwance a ƙarƙashinsa ba ne.

Mu uku ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Akwai Babban Yaya, shi ne ɗan fari, sai Ƙaramin Yaya, sai ni. Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana, amma ya fi kusa da Batsari, can muke cin kasuwa. Baba ya rasu tun ina ƙarama, Babban Yaya ya riƙe gandu da shanun noma biyu da muka gada.

Yaran yanzu ba su ga kunyar ɗan fari yadda muka gan ta ba. Inna ta taso ne a hannun kakarta, Bafulatanar wajen Tsaskiya, kuma ta riƙe abin da ƙarfi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Babban Yaya a bakinta ba. Idan tana son a kira shi sai ta ce da ni, "Ki ce da wancan abinci ya sauka." Akwai wani mai gyaran ƙwarya da ke zagayowa, sunansu ɗaya, shi ma ya rasa sunansa a gidanmu, sai dai ta ce mai ƙwarya. Shekarar da maciji ya sari Babban Yaya a gona, aka ɗauko shi ranga-ranga aka kwantar a zaure, Inna ba ta leƙa ba. Ta ci gaba da daka, amma na ga turmin babu komai a ciki. Ni take aikawa in dubo, in dawo in tsaya kusa da ita in faɗa wa iska cewa ya buɗe ido.

Duk abin da ta hana bakinta a kan babban, a kan ƙaramin ta zube shi. Sunansa kuwa idan ta ɗaga murya ta kira daga tsakar gida, masu ɗibar ruwa a rijiyar bakin gari suna ji. Shi kuma ba ya shigowa gida bai tsokane ta ba.

"Inna, furar nan ta jiya ce ko ta shekaranjiya?"

"Ta ranar sunanka ce, marar kunya. Sha ko ka ajiye mini ƙwaryata."

"Ashe sa'ata ce. Bari mu gaisa tukuna."

Haka suke, dare da rana. Babban Yaya yakan zauna a gefe yana gyaran ƙotar fartanya, yana murmushi, bai taɓa sa baki ba.

Sai ga shekarar ɗibar soja. Umarni ya zo daga sama cewa kowane gari ya ba da mutane, mai garinmu ya zauna da dattawa suka fitar da gidaje, aka aika da sunayen magidanta. Sunan Babban Yaya yana ciki. A lokacin gero ya fara fitar da kai, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Na ji yayyen nawa biyu a bayan rumbu suna magana ƙasa-ƙasa. Ƙaramin yana cewa, "Wanda zai kira sunan nan a Batsari ya taɓa ganin fuskarka? Suna zai kira, wani ya amsa." Babban ya ce bai yarda ba, kada ya sake jin wannan magana. Ƙaramin ya ce to, ya bari.

Ranar tafiya, Babban Yaya ya tafi masallaci sallar asuba da nufin ya yi sallama da liman. Kafin ya dawo ƙaramin ya ɗaure 'yan tsummokaransa. Inna tana bakin murhu, ta gane, ba ta ce kada ya tafi ba, ba ta kuma ce ya tafi ba. Ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a tsumma. Ya sunkuya ya ɗauki 'yar wuƙar da take yankan kuɓewa, mai ƙotar ƙaho, ya soke a ƙugu.

"Da wannan zan yi yaƙin."

"Ajiye mini wuƙata, ɓarawo."

"In na dawo ki kai ni ƙara."

Ya fita da gudu yana dariya. Ta bi shi har bakin zaure tana kiran sunansa, tana cewa ya dawo mata da wuƙarta. Wannan ne sallamarsu.

Da Babban Yaya ya dawo ya tarar, ya bi sawu har Batsari, amma an riga an kira suna, an amsa, an zuba su a babbar mota. Mai gari ya ga adadin mutanensa ya cika, ya yi shiru. Da yamma ya zo gidanmu ya ce, "Wannan magana ta mutu daga yau. In ta fita, za a ce kai ka gudu daga aikin soja, a ɗaure ka, ni kuma a cire mini rawani." Ko haka dokar Turawa take, ko ba haka ba, ba mu sani ba. Mun dai yarda, kuma duk ƙauyen ya yarda. Kowa ya san wanda ya tafi, ba wanda ya faɗa wa baƙo.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ba mu ji komai ba sai jita-jita a kasuwa, cewa an haye da su teku, cewa ƙasar da suke ruwan sama ba ya ɗaukewa. A cikin haka aka yi mini aure aka kai ni Safana. Da cikina ya tsufa aka dawo da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Shi ya sa ina nan ranar da suka zo.

Kaka ce, ana sussuka. Da hantsi muka ji sallama a ƙofar gida. Mutum uku ne: mai gari, da wani matashin malami daga gidan hakimi, baƙo ne, bai daɗe da zuwa daga Katsina ba, sai wani soja mai kakin da ya koɗe, hannun rigarsa na hagu a naɗe an maƙale da allura don babu hannu a ciki. Kofur suke ce masa. Babban Yaya ya taso daga masussuka, ƙaiƙayi a gemunsa, ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Aka ce in kai fura. Ina tsaye a bakin ƙofar ciki da ƙwarya a hannu aka gama gaisuwa, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi amfanin gona. Na lura mai gari ba ya kallon kowa, tabarma kawai yake kallo.

Malamin ya gyara murya ya tambaya ko nan ne gidan wane ɗan wane. Ya faɗi sunan Babban Yaya da na Baba.

Babban Yaya ya ce, "Nan ne."

"Kai ne wa a wurinsa?"

Kafin ya buɗe baki mai gari ya ce, "Ƙanensa ne."

"To, sai haƙuri. Allah ya yi wa yayanka rasuwa a bakin daga. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Na ga Babban Yaya ya kai hannu ya dafa ƙasa kamar zauren ya karkata. Ya yi salati. Muryarsa ba ta fita sosai ba. Mutum ne a zaune, da ransa, da ƙaiƙayi a gemu, ana yi masa ta'aziyyar kansa, kuma dole ya ce amin. Ni kuwa sai da na ɗan jima kafin maganar ta sauka inda za ta sauka. Kunnena ya ji sunan babban, idona yana ganin babban, zuciyata ta tsaya a tsakani tana neman wanda ya mutu. Da ta same shi, ƙwaryar ta yi mini nauyi, na durƙusa na ajiye ta a ƙasa.

Malamin ya ce, "Ya bar mata?"

Mai gari ya ce, "Bai yi aure ba."

Matar Babban Yaya tana bayana, jingine da zana, da yaronta a goye. Ta ji an ce mijinta ya mutu, ta ji an ce bai taɓa aure ba. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije.

Malamin ya jawo wani ƙunshi da sojan ya ɗauko, ya ajiye a gabansa. Ya ce kayan mamacin ne, kuma an umarce shi kada ya miƙa sai a hannun mahaifiya in tana raye, sai kuma ta faɗi sunan ɗanta da bakinta a gaban shaidu.

Mai gari ya ɗago kai da sauri. "Malam, ɗan fari ne fa. Ka san halin matanmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ni na shaida, ƙanensa ya shaida, ai ya isa."

Malamin ya sunkuyar da kai, na ga shi ma abin bai yi masa daɗi ba. "Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma ɗan fari ne. Amma an taɓa miƙa kayan mamaci a gidan da ba nasa ba, aka yi makoki a banza. Tun daga nan aka ce sai uwa ta faɗa. Sau ɗaya ne, ko a hankali ne, in dai na ji."

Na tashi na shiga ciki, ina tunanin yadda zan fara. Ashe ba sai na faɗa ba. Zauren namu na kara ne, magana tana ratsawa. Na tarar da Inna a tsaye bakin turmi, taɓarya a hannunta, ba ta ɗaga ba, ba ta ajiye ba. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ce, "Ɗauko mini mayafi."

Na ce, "Inna, kin ji abin da suke so?"

"Na ji. Ɗauko."

Na riƙe hannunta muka zo bakin ƙofar ciki, ta durƙusa daga gefe yadda ba za su ga fuskarta ba. Suka gaishe ta, ta amsa gaisuwar duka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Malamin ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Iya, ki yi mini haƙuri. Ɗanki da ya tafi soja, wane ne sunansa?"

Idan ta faɗi na gaskiya, a ganinmu a ranar za a tafi da Babban Yaya a ɗaure. Idan ta yi shiru, malamin zai fara tambayar dalili. Hannunta da ke cikin nawa ya yi sanyi kamar an tsoma a randa.

Ta faɗi sunan Babban Yaya.

A hankali ya fito, gaɓa-gaɓa, kamar kalmar wani yare da take koyo. Ban taɓa jin wannan suna da wannan murya ba, shi ma bai taɓa ji ba. Mutum ya kai ga aure, ya haihu, bai taɓa jin uwarsa ta ambace shi ba, ranar da ya fara ji, cewa take ya mutu. Ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Malamin ya ɗauka kukan ƙane ne a kan yaya, ya dafa shi yana ba shi haƙuri.

Aka turo ƙunshin ta ƙofa. Inna ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode. Ko hawaye ɗaya babu. Ina ji malamin yana ce wa mai gari ƙasa-ƙasa, "Kara irin ta mutanen da. Ɗan fari ya mutu, ko uffan." Yabonta yake yi.

A ɗaki ta kwance ƙunshin. Bargo ne na soja, da kwanon cin abinci da ya lotsa, da carbi, sai 'yar wuƙar kuɓewa mai ƙotar ƙaho. An wasa ta har ta sirance. Inna ta ɗauka ta juya ta, ta gwada kaifin a babban yatsa, ta ajiye a kan cinyarta.

Kafin azahar gida ya cika da mata. Kowace ta san wanda ya mutu, amma baƙin suna gindin bedi a ƙofar gida, suna jiran a yi addu'a bayan la'asar. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta shigo da kuka tana kiran sunan ƙaramin, wata tsohuwa ta tare ta a tsakar gida ta toshe mata baki da tafin hannu. Daga nan makokin ya zama wani iri. Mata suna shigowa su durƙusa su ce, "Ya haƙuri?" ba wadda ta ce haƙurin wa. Wanda ya fi kowa surutu a ƙauyen ya mutu, ba a iya ambatonsa a ɗakin uwarsa. Inna tana zaune a miƙe, tana amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki." Idan da a ce babban ne ya mutu da gaske, haka al'ada take so ta zauna. Amma wannan ɗan da za ta yi birgima a kansa ne, ba wanda zai ga laifinta, sai aka hana ta.

Bayan la'asar maza suka taru. Liman ya san gaskiya kamar kowa. Ya daɗe yana jan addu'a yana cewa bawan Allah, ɗan baiwar Allah, amma malamin yana zaune kusa da shi, a ƙarshe sai da ya faɗi sunan Babban Yaya. Babban Yaya yana sahun gaba, ya shafa tare da jama'a. Da aka watse liman ya zo bakin zana ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Allah ya san wanda muke nufi."

Inna ta ce, "Na sani, Allah ya gafarta Malam. Amma da bakina na ce wancan ya mutu. Wanda ya mutu kuma yana can, ba wanda ya kira shi."

Liman ya yi mata sallama ya tafi.

Malamin yana da wani gida da zai kai irin wannan saƙo a ƙauyen gaba, ya hau dokinsa, mai gari ya raka shi. Sojan ya ce dungun hannunsa yana zugi, zai ɗan huta ya biyo su. Da suka yi nisa ya ce da Babban Yaya yana son ya gaida Inna shi kaɗai, don shi ne ya yi jinyar ɗanta. Muka koma bakin ƙofar nan, ni da ita, shi yana cikin zaure, Babban Yaya yana tsugune a gefe.

Mutum ne mai sanyin magana, daga wajen Zakka ya ce iyayensa suke. Ya ce tun daga bariki suke tare, kwano ɗaya suke ci. Ya ce rauni ya samu a cinya wajen haye wani kogi, zazzaɓi ya shiga, ya yi 'yan kwanaki ya cika da rana tsaka, da kalmar shahada a bakinsa. Bai faɗa mana fiye da haka ba, mu ma ba mu tambaya ba.

"Inna, ɗanki ya hana mu baƙin ciki. Ko ana ruwan harsashi sai ya sami abin da zai ba mutum dariya. Wuƙar nan, ya ce ta sata ce, akwai shari'a tana jiransa a gida. Kullum zancensa ke. Ya ce in kika tsaya a tsakar gida kika kira sunansa, har masu ɗibar ruwa a rijiya..."

Ya tsaya. Na ɗaga kai na leƙa. Ya juya yana kallon Babban Yaya, tun daga gemu har ƙafa, kamar yanzu ya fara ganinsa. Da safe a gabansa mai gari ya ce uwar ba ta taɓa faɗin sunan ba.

Ya ce, "Tun ɗazu nake ta mamaki. Inna, ƙanen nan naku ya girmi yayansa."

Can Babban Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kofur, ni ne mai sunan. Ni aka kira, shi ya amsa. Ka tafi da ni, ka ƙyale tsohuwar nan da mai gari."

"Zauna, malam. Hannu ɗaya gare ni, da me zan kama ka?"

Babban Yaya bai zauna ba sai da Kofur ya sake faɗa. Sojan ya jingina da bango, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Fuskarsa ta canza, ta yi fari-fari kamar wanda ya tashi daga ciwo.

"In aka kira sunan nan a fareti, sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya amsa. Kurma muke ce masa. Ya sha horo a kan haka, yana dariya." Ya juya hular a gwiwarsa. "Zazzaɓi ya ɗauke masa hankali, ya yi ta sambatu, ya kira shanunku, ya kira wannan yarinyar, bai taɓa ɓarin baki a kan wannan ba. Ni na wanke shi, lokacin ina da hannu biyu. Ni na tsaya a kan kabarinsa bayan an rufe, na kira shi da suna ina tuna masa abin da zai amsa wa masu tambaya. Ashe wani nake kira. Ashe wanda nake kira yana nan yana sussuka."

Ya goge fuska da hular. Sannan ya matso kusa da ƙofa, ya rage murya.

"Inna, ki faɗa mini sunan wanda na binne."

Matar Babban Yaya ta riƙo zanen Inna ta baya. Ni ma na matse hannunta. Kakin Turawa ne a jikin mutumin, tare da malamin hakimi ya zo, kuma wurinsa zai koma kafin magariba. Abin da ya gane da kansa daban, abin da uwa ta faɗa masa da bakinta daban. Ba mu san shi ba sai yau.

Inna ta zare hannunta daga nawa. Ta miƙe, ta juya ta koma tsakar gida, ta tsaya kusa da turmi inda ta saba tsayawa. Na ɗauka ta ƙi ne. Sai ta ɗaga kai ta kira sunan Ƙaramin Yaya, yadda take kiransa in ya daɗe bai dawo daga kiwo ba, da dukan muryarta. Ta sake kira. Daga baya matan da ke rijiya suka ce sun ji, sun saki guga suka tsaya. A kira na uku muryar ta karye, ta zube a gindin turmin, kukan da ta riƙe tun hantsi ya ɓalle. Gwaggo ta kama, sauran mata suka kama. Ba a toshe bakin kowa ba.

Ina bakin ƙofa, ina ganin ciki ina ganin zaure. Sojan ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, kamar yana gwada shi a kan fuskar da ya sani. Ya ce, "Ya fi dacewa da shi." Ya ɗaga hannunsa guda ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci sunan a ciki, Babban Yaya yana amsawa da amin. Wannan amin ɗin ta fita sosai. Da ya gama ya sa hularsa, ya ce a gaida Inna in ta natsu, ya kama hanya.

Mun yi kwanaki muna jiran dogarai. Ko kare ya yi haushi a bakin gari sai matar Babban Yaya ta leƙa. Mai gari da ya ji abin da ya faru ya zo ya yi faɗa, Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce ya sha ruwa. Ba wanda ya zo. Sojan ma ba mu sake ganinsa ba, ban kuma san sunansa ba.

Babban Yaya ya ci gaba da amsa sunan ƙanensa a gaban masu haraji da duk wani baƙo, har Turawa suka tafi. A cikin gari aka koma ce masa Baban yara. Nasa sunan Inna ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah, kuma ya gaya mini da ya tsufa cewa bai so ta sake ba.

Ban cika wata ba na haihu, namiji. Mijina ya zo daga Safana ya ce ya bar wa Babban Yaya zaɓin suna. Ranar suna da safe Babban Yaya ya sunkuya ya raɗa wa liman, liman ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a sunan Ƙaramin Yaya. Mata suka fara neman laƙabin da za a sakaya, kamar yadda ake yi in an yi wa mamaci takwara. Inna ta ce ba a sakaya komai ba. Ita kaka ce, ba kunya tsakaninta da jika. Tun yana rarrafe take kiransa da sunan, da ƙarfi, tana ce masa ɓarawo in ya ja mata ludayi.

Ni kuwa ɗan farina ne. Tun daga ranar sunan nan bakina bai sake furta sunan Ƙaramin Yaya ba, shi ya sa ko a nan ban rubuta ba. Wuƙar tana wurina. Ta sirance ƙwarai, amma tana yanka kuɓewa.